Ɗanmalam Mai Hoto da Gilashin Maruwa

A Garwa an yi shekaru babu mai hoton da zai sayi gilashin kyamara bai fara biyawa ta shagon Ɗanmalam a unguwar Djamboutou ba. Shagon kansa ba abin a zo a gani ba ne. Ɗaki ɗaya ne da benci, da labule mai zanen jirgin sama wanda rabin mutanen garin suka taɓa ƙamewa a gabansa ba numfashi. Mutumin da ke ciki ake zuwa wa, domin Allah ya ba shi ido na ban mamaki.

Kakansa Bakano ne, fatauci ya kawo shi bakin Binuwai, ya ga wuri ya yi masa ya zauna. Babansa ya riƙe rumfar yadi a babbar kasuwa, ya kuma gama yanke wa ransa cewa ɗansa zai gaje shi a kan awo da almakashi. A 1983 aka aiki Ɗanmalam ya kai wa wani mai hoto ɗan kudu baƙin yadi. Mutumin ya ga saurayi ya tsaya yana haɗiyar yawu a kan kyamara, sai ya ce masa ya kanne ido ɗaya ya leƙa. Ya kanne na hagu, ya leƙa da na dama, ya ga titin da ya taka sau dubu ya shige cikin ɗan murabba'i ya zauna daram. A wannan yammacin rumfar yadi ta rasa magaji, ko da yake sai da aka yi wata shida ana kai ruwa rana kafin tsohon ya haƙura.

Daga nan sai aiki ba kama hannun yaro. Ya ɗauki ma'aikatan auduga hoton katin shaida, ya ɗauki 'yan makaranta ranar faretin ashirin ga Mayu, ya ɗauki alhazai a filin jirgi suna washe haƙorin Makka. Shekarar da darajar kuɗin sefa ta karye, fim ya yi tsadar da sai an yi bismilla kafin a danna, a nan ya koyi kada ya ɓata ko ɗaya. Da zamanin fim ya wuce, tsaransa da yawa suka koma tuƙa moto, wato babur ɗin haya, shi kuwa ya koyi sabuwar kyamara yana yi yana gunaguni. Matarsa Lauratu takan tsokane shi cewa gefen hagu na fuskarsa ya girmi na dama da shekara goma saboda kanne ido, kuma ba ƙarya ta yi ba.

Sabon gilashi, wanda masu sana'ar ke kira objektif, ya fi ƙarfin aljihun mai hoton unguwa. Saboda haka da intanet ya shigo wayoyi, kowa ya koma shafukan talla, inda ake samun na hannu da araha. Can kuma ɓarayi suka baje kolinsu. Brahim, wani mai ɗaukar hoton biki, shi ya fara ɗanɗanawa. Ya ga gilashi mai kyau a Duwala, ya tura kuɗi ta waya, aka ce ya je ajans, wato tashar mota, ya karɓi saƙo. Kwali ya iso kuwa, an naɗe shi tsaf, a ciki kwalbar man shafawa ce cike da yashi. Brahim ya yi kwana uku bai leƙo waje ba.

Tun daga nan Ɗanmalam ya ɗora wa kansa aikin da ba wanda ya sa shi. Bai taɓa rubuta dokokinsa ba, amma kowa ya haddace su. Ba a tura ko sisi sai hannu ya taɓa kaya. Idan araha ta yi yawa, a tambayi dalili. Kafin a ɓata lokaci da mai talla, sai a ce masa ya ɗauki sabon hoton gilashin da albasa uku a gefensa, lambar jikinsa tana kallon sama. Mutane sun yi ta dariyar albasar nan, har suka gane cewa wanda ya sato hoton daga shafin Turawa ba shi da gilashin da zai jera wa albasa. Wani mai wayo ya taɓa liƙa albasar da kwamfuta ya turo. Ɗanmalam ya kalli wayar sau ɗaya ya mayar wa mai ita, ya ce a tambayi mutumin wane gari ne nasu da rana ke haska gilashi daga gabas, ta haska albasa daga yamma. Mutumin bai sake amsa waya ba.

Idan mai kaya ya tsallake wannan, sai a haɗu da rana tsaka, a wurin jama'a, da shaida, mai saye ya zo da kyamararsa. A nan ake ganin abin al'ajabi. Ɗanmalam ba ya fara da kallo. Sai ya sansana gilashin tukuna, ya kai shi kunne ya girgiza a hankali, ya murza zoben da yatsa biyu yana sauraro. Sannan ya ciro 'yar tocila daga aljihun gaba, ya haska ta baya, ya leƙa ta gaba. An taɓa kawo masa wani yana sheƙi kamar yau aka ɓare shi, ya shaƙa ya ce wannan ya yi damina biyu a Duwala. Mai shi ya sunkuyar da kai ya ce uku. Wata rana ya hango zaren fumfuna a can ciki wanda bai kai gashin gira ba, mutum biyar suka duba ba su gani ba sai da ya nuna musu da tsinke. Masu hoto sun buɗe zaure a Wasap, kusan mutum ɗari biyu daga Ngaundere har Kusiri, kuma a zauren nan kalma biyu ke yanke hukunci. Idan Ɗanmalam ya ce lafiya, kaya sun sayu. Idan ya ce hayaƙi, wato gilashin ya dusashe daga ciki, to ko kyauta ba mai ɗauka. Bai taɓa karɓar ladan dubawa ba, shayi kawai yake sha.

A 2022 nasa gilashin ya fara hayaƙi. Ya leƙa wata safiya zai ɗauki wata amarya, ya ga fari-fari ya lulluɓe ta. Ya goge, ya shanya, ya sake gogewa, abin yana nan. Hotunan suna fitowa lafiya a allon kyamara, amma ya san halin hayaƙi, a ido yake fara nunawa kafin ya sauka a hoto. Sai shi ma ya shiga shafukan talla yana neman wani, kuma abin da ya tarar ya ɓata masa rai. Wani ɗan kasuwa a Garwa ya kawo, hayaƙi. Wani ɗalibi ya taso daga Ngaundere, hayaƙi. Maurice, malamin makaranta a Yagoua mai ɗaukar hoton baftisma ranar Lahadi, ya wuni a mota ya kawo nasa domin yana so ya sayar ya sayi injin ban ruwa na gonar shinkafa. Shi ma hayaƙi. Maurice ya yi godiya da ladabi ya koma. Ɗanmalam ya riƙa ce wa Lauratu duniya ta lalace, yanzu duk kayan da ke intanet ruɓaɓɓu ne.

Ana cikin haka Brahim ya shigo shago yana haki ya miƙa masa waya. Wata mata a Maruwa mai suna Madeleine ta sa tallar dogon gilashi, fari, tsawon damtse, irin wanda ake ɗaukar namun daji da shi daga nesa. Ɗanmalam ya shekara talatin yana ganin irinsa a mujallu bai taɓa riƙewa ba. Aka ce ta turo hoto da albasa uku, ta turo da huɗu, ta ce ta huɗun ta gaisuwa ce. Ta yi bayani dalla-dalla. Na mijinta ne, wanda ke raka masu yawon buɗe ido gandun Waza yana ɗaukar giwaye da raƙuman dawa. Da rashin tsaro ya kori baƙi aikin ya tsaya, bayan shekaru ciwo ya ɗauke shi. Yanzu ɗiyarsu ta sami gurbin karatun jinya, shi ya sa za ta rabu da shi.

Ta zo Garwa da kanta, suka haɗu a ajans da hantsi, Brahim ne shaida. Ta ciro gilashin daga wata garwar ƙarfe, an kewaye shi da safa cike da ɗanyar shinkafa don ta tsotse laima. Ganin wannan kaɗai ya sa Ɗanmalam ya ji girman marigayin a ransa. Ya sansana, ba wari. Ya girgiza, shiru. Zoben yana juyawa sumul. Ya haska tocila ya leƙa, sai ga fari-farin nan ya cika ciki. Ransa ya sosu ƙwarai, amma ya faɗi abin da ya gani. Kafin Madeleine ta gama mayar da safar cikin garwa, Brahim ya riga ya rubuta a zaure cewa na Maruwa ma hayaƙi ne.

Mutum uku da suke layin saye a bayansa suka janye. Madeleine ta sauka gidan ƙanwarta, ta rage farashi, ta sake ragewa har ya koma rabi, wayarta ko tari. Wasu ma sun fara rubuta a ƙarƙashin tallarta cewa a yi hattara da ita. Ranar kwana na shida, da zafin watan Afrilu yana dafa ƙwaƙwalwa, ta sauka daga moto a ƙofar shagon Djamboutou da garwarta a ka. Bayan gaisuwar jam na da jam, ba ta zauna ba.

“Baaba, ban zo faɗa ba,” in ji ta da Fulatanci. “Mijina ya fi kula da abin nan a kan jikinsa. Yau ana kirana macuciya. Ka nuna mini hayaƙin in gani da idona, in koma gida in yi shiru.”

Ɗanmalam ya ji zafin maganar, domin rabon da a ce masa ya nuna hujja har ya manta. Amma ya ga tana da gaskiyar tambaya. Dogon gilashi ba a gwada shi a ɗaki, don haka ya kira Brahim, suka hau moto uku zuwa bakin Binuwai, ƙasa da gada, inda masu wanki ke shanya kaya a kan yashi. Ya ɗaura gilashin a kyamararsa, ya kafa ƙafafun ƙarfe, ya saita tsallaken kogi ya ce ta leƙa. Ta leƙa ta ce ita dai garau take gani. Ya yi ɗan murmushin da malamai ke yi wa ɗalibai, ya ce idon da bai saba ba ba ya kama irin wannan. Ya matsa ya sunkuya don ya gaya mata daidai inda za ta duba.

A daidai lokacin gumi ya gangaro daga ƙarƙashin hularsa ya shige masa idon dama. Ya yi yaji, ya murza, ya ƙara yaji. Matar tana tsaye tana jira, ga Brahim yana kallo, sai ya yi abin da bai taɓa yi ba tun 1983. Ya rufe na dama, ya kara na hagu.

Bai san lokacin da ya ce subhanallahi ba. Can tsakiyar ruwa, inda ido ke ganin baƙin tabo kawai, dorina ce ta ɗago kai. Ya ga gashin bakinta ɗaya bayan ɗaya, kowanne da ɗigon ruwa a rataye. Ya ga kunnenta ƙarami yana kaɗawa, ga wani tsohon tabo a wuyanta, ga carki ya sauka a bayanta da jan bakinsa. Ya ɗan juya kyamarar, sai ga masunci a kwalekwale yana ɗinkin koma, har zaren da ya riƙe a haƙori ana gani. Bayansa ciyawar gaɓa kore shar, irin koren da Ɗanmalam ya ɗauka ya ƙare a duniya. Babu hayaƙi ko na sigari. Shekara kusan arba'in yana sana'ar nan, bai taɓa leƙa gilashi mai tsabtar wannan ba.

Ya goge idon dama da bakin riga ya sake karawa. Fari-farin ya dawo, dorina ta koma dunƙule, kamar an watsa wa duniya ruwan koko. Ya ɗago daga kyamarar gaba ɗaya, ya kalli gada da ido tsirara, ya rufe wannan ya buɗe wancan, ya rufe wancan ya buɗe wannan. Muddin biyun suna buɗe, na hagu yana rufa wa ɗan'uwansa asiri, shi ya sa bai taɓa lura ba. Daga baya likita zai ce masa yanar ido ce, aikin minti ashirin ne. Amma a wannan tsayuwar bai san haka ba, tsoro ne kawai ya kama shi, ya zauna a kan yashi mai zafi.

Madeleine ta ɗauka rana ce ta buge shi. Ta miƙa masa gorar ruwa, ta ce ta gaji, motarta ƙarfe huɗu za ta tashi, in yana so ya ɗauka a rabin kuɗin, ko ƙasa da haka, da hayaƙinsa da komai. Rabin nan kuwa shi ne daidai abin da Ɗanmalam zai iya. Ba wanda ya san abin da ya gani. Yana iya cewa zai saya don tausayi, a yaba masa, ya tafi da gilashin da ya fi so a rayuwarsa, sunansa kuma ya zauna yadda yake. Ya so hakan, kada a yi masa ƙaryar cewa bai so ba. Ya daɗe yana kallon farin gilashin nan a kan ƙafafunsa.

Sannan ya ce Brahim ya buɗe masa zauren ya danna wurin saƙon murya.

“Jama'a, Ɗanmalam ne na Djamboutou. Gilashin Madam Madeleine ta Maruwa lafiyarsa ƙalau, ban taɓa ganin kamarsa ba. Hayaƙin a idona yake. Na zalunce ta, na zalunci wasu kafin ita. Duk abin da na ce hayaƙi a bana, a sake dubawa.”

Ya maimaita da Fulatanci, ya sake da Faransancinsa na kasuwa, don kada wani ya ce bai ji ba. Madeleine ta juya baya tana share fuska da gefen zane.

Ko awa ɗaya ba a yi ba wani mai ɗaukar wasan ƙwallo ya kira daga Ngaundere, ya ce yana so a farashin farko, zai tura kuɗi yanzu. Ɗanmalam ya karɓi wayar ya yi masa faɗa, ya ce ba a tura kuɗi sai hannu ya taɓa, ya hawo mota gobe ya duba da idonsa. Madeleine ta fasa motar ƙarfe huɗu don ta jira shi. Abin da ya fi ba kowa mamaki shi ne kalmar mutumin da ya gama cewa idonsa ya lalace ita ce dai ta sayar da gilashin. Shi da kansa ya kwance shi daga kyamara ya mayar cikin garwa, ya jera safar shinkafa yadda ya same su.

Da la'asar ya koma shago ya zauna a benci da waya, domin akwai sauran mutum uku. Ɗan kasuwar Garwa ya ce ya riga ya sayar da nasa da asara, amma ya yafe. Ɗalibin Ngaundere bai ɗauka ba, ya bar masa saƙo. Saura Maurice. Ya ɗauka a bugun farko, ana jin hayaniyar yara an tashi daga makaranta, ya gaishe shi da murna har da tambayar iyali. Ɗanmalam ya yi masa bayani tiryan-tiryan, ya ce ya sake sa tallar, shi zai tsaya masa a zaure.

Sai Maurice ya ce:

“Ai Baaba, da na dawo na duba, na sake dubawa, ban ga komai ba. Matata ta duba, ita ma ba ta gani ba. Sai na ce tunda kai ka gani, to yana nan. Na samo ƙaramin sukuddireba na buɗe shi in goge daga ciki.”

Ya ce gilasan ciki sun fito guda tara, bai san wanne ke bin wanne ba, wani ɗan ƙarfe ya yi tsalle ya ɓace a tsakar gida, ɗaya kuma ya tsage. Duk ya tattara su a gwangwanin madara. Injin ban ruwa dai sai wata shekara. Yana faɗa ba ɗaci a muryarsa ko kaɗan, kamar mai ba da labarin ruwan sama.

Ɗanmalam ya riƙe wayar a kunne. Ya san mutane suna jin maganarsa, amma bai taɓa sanin ta kai mutum mai ido biyu lafiyayyu ya ƙaryata su saboda shi ba.

“Baaba, kana ji na?” in ji Maurice. “Ko in kawo maka gwangwanin ka duba mini? Abin da ka ce shi zan yi.”

“A'a, Malam Maurice,” in ji Ɗanmalam da kyar. “Ka yi tafiyar nan sau ɗaya saboda ni. Zauna, gobe ni zan zo.”